Shekarar da Aka Ce Ba a Yaye Likita Usman Ba

Shekarar da aka kulle Daura saboda korona ce, aka hana cin kasuwa, aka ce kowa ya zauna gida. Ko da aka buɗe gari damina ta riga ta kawo kai, sai manoma suka yo mana ca a maƙera, kowa yana son fartanyarsa a ranar. Ni da Baffanku Sale muna kan wuta tun hantsi har la'asar sakaliya. A cikin wannan gaggawa na ɗaure fartanyoyi a bayan babur zan kai wa wani mai saye a Sandamu, akuya ta gitta, na taka birki a kan yashi, na faɗi a kan hannun dama. Gwiwar hannun ta goce, wani ɗan ƙashi kuma ya tsage a ciki. Wannan duk kun sani. Abin da ba ku sani ba shi ne abin da ya biyo baya, domin a gidan nan labarin ya zauna a kan cewa wani yaron likita ne ya koyi aiki a hannuna har ya lalata shi. Kwanan baya na ji 'yar'uwarku Zainabu tana faɗa wa ƙawarta haka a tsakar gida, tana faɗa kamar tana wurin. Ba haka aka yi ba.

A asibiti suka mayar da gwiwar, suka sa filasta. Ranar da aka cire, na ga hannuna ya rame ya sandare, ba ya miƙewa sosai, ba ya kuma lanƙwasawa. Aka tura ni ɗakin gashi, inda ake motsa gaɓoɓin waɗanda suka karye ko suka sami shanyewar jiki. A can na sami Likita Usman. Mutumin Dutsi ne, kuma ba yaro ba ne. Yana da iyali, ya gama jami'a, ya yi bautar ƙasa, yana da takardar izinin aiki, ya kuma daɗe a ɗakin kafin zuwana. Ya ɗora mini tawul mai ɗumi, ya auna lanƙwasar hannun da wani abin awo mai kama da almakashi, sannan ya zauna a gabana.

"Baba Haruna, ni ba zan lanƙwasa maka hannun nan da ƙarfi ba. Kai za ka lanƙwasa shi da kanka, ni ina tallafe da shi. Inda zafi ya ce ka tsaya, ka tsaya."

Na ce masa ashe ni ne likitan, to a ba ni farar rigar. Ya yi dariya ya ce idan hannun ya kai baki zai ara mini ita in sha hoto.

Kai hannu baki shi ne duk abin da nake nema. Wanda bai taɓa rasa wannan ba ba zai gane ba. Ina zama a gaban tuwo, in yanko loma da dama, hannun ya taso ya tsaya a hanya. Ga alwala, ga goge zufa, ga masaba da ke jirana a maƙera. Aikin Usman a hankali yake tafiya, amma yana tafiya. Da farko yatsuna suna tsayawa nesa da ƙirji, sannan suka taɓa maɓallin riga, wata rana kuma babban yatsana ya shafi ƙarshen gemuna. Na dawo gida na nuna wa Innarku, ta duba da kyau ta ce ita a ganinta gemun ne ya ƙara tsawo. Muka yi ta dariya. Daga nan sai ci gaban ya tsaya, wurin da ke gaban gwiwar ya riƙa ɗumi, in an taɓa kuma da ɗan tauri.

Baffanku ne ke kai ni a babur, ya jira ni a gindin darbejiya. Ranar da abin ya faru ana yayyafi, sai ya biyo ni ciki ya zauna a kan benci. Muka tarar da wata dattijuwa mai tabarau a ɗakin. Usman ya ce sunanta Hajiya Mairo, babba ce a aikinsu, daga Katsina take zuwa lokaci zuwa lokaci ta zauna ta ga yadda yake aiki, su kuma tattauna a kan marasa lafiyar da suka ba shi wuya. Ya tambaye ni ko na yarda ta kalla. Na ce na yarda. Ta zauna ta harɗe hannu, tana kallo har ya gama. Sannan ta fara yi masa tambayoyi, me ya gani, me ya sa ya zaɓi wannan motsi ya bar wancan. Yana amsawa, Hausa da Turanci a gauraye. Da suka zo kan ɗumin nan sai ya juya Hausa zalla, ina jin don ni ma in ji.

"Wannan ban tabbata ba, Hajiya. Shi ya sa na ajiye miki shi."

Ta taso ta taɓa wurin, ta tambaye shi abin da yake tsoro, da abin da zai yi da ba ta zo ba. Ya ce zai rage motsin, ba zai bari a danna ba ko kaɗan, zai kuma tura ni a ɗauki hoton ƙashi. Ta ce haka ita ma za ta yi. Sai ta kama hannunsa ta ɗan matsar da shi ƙasa a kan damtsena, ta ce idan ya tallafa daga nan kafaɗa ba za ta riƙa satar motsin ba. Ya gwada, ya ce ya gode. Na waiga na ga Baffanku ya buɗe baki yana kallonsu kamar ya ga an mari mutum a masallaci.

Dole in gaya muku dalili, domin ku ba ku tashi a maƙera ba. A gidanmu idan uba ya yaye ɗansa, yakan ba shi uwar maƙera tasa, wadda ake dukan ƙarfe a kanta, da awartakinsa, ya nuna masa inda zai kafa. Daga ranar ba zai ƙara tsaya masa a kai ba. Ko ya ga yana ɓata garma sai ya kawar da kai ya wuce, in abin ya dame shi ya faɗa wa uwar yaron a cikin gida. Tsaya wa maƙerin da aka yaye a kai, a gaban mai saye, daidai yake da a ce masa shi ba kowa ba ne. Kuma maƙeri ba ya cewa bai sani ba a gaban mai kaya. Haka kakanku ya yi mana, haka aka yi masa. Da wannan ido Baffanku ya kalli ɗakin nan.

Sai da muka shiga zaure ya jingine babur ya juyo.

"Ka ji da kunnenka. Ya ce bai tabbata ba. An zo an kama masa hannu an gyara, ya ce ya gode. Wannan ba a yaye shi ba, Haruna. Da hannunka ake koya masa aiki."

Na ce ai yana da takarda. Ya ce takarda ta ce an yaye shi, shi kuwa idonsa ya ga ba a yaye ba, kuma idonsa ya fi yarda da shi. Innarku ba ta iya yi masa musu fuska da fuska, sai ta tsaya a bayan ƙofa ta ce a gaya wa Yaya ko hoton nan ne a bari a ɗauka tukuna. Ya ce hoto hanyar ja mana lokaci ce har yaron ya gama karatunsa. Ya ce ya ji labarin wani Alhaji da ya yi ritaya daga aikin gashi ya buɗe wurinsa a bayan gari, wanda ke miƙar da hannu cikin ɗan lokaci. Tun rasuwar kakanku Baffanku ne ubana, ban taɓa tsallake maganarsa ba. Ga kuma damina tana wucewa, shi kaɗai a kan wuta. Na bi shi.

Ba zan faɗi sunan Alhajin ba, yana da zuri'a a garin nan. Shi ma ba ɗan koyo ba ne. Irin takardar Usman ce rataye a bangonsa, sai dai ta tsufa har ta yi ja. Tun kafin mu zauna Baffanku ya tambaye shi ko akwai wani da ke zuwa duba aikinsa. Alhaji ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce tun ranar da ya karɓi takardar nan ba mahaluƙin da ya sake tsaya masa a kai, tarukan ƙara wa juna sani da ake ta kiran su kuwa na yara ne, shi bai taɓa ɓata lokacinsa a can ba. Baffanku ya dube ni ya gyaɗa kai.

Aka kwantar da ni a kan gado, mutum biyu suka danne mini kafaɗa. Alhaji ya kama tsintsiyar hannuna ya ɗora nauyin jikinsa duka. Na sha ƙuna a rayuwata, tartsatsi ya ci mini fata ba adadi, amma ban taɓa sanin akwai zafi irin wannan ba. Ɗakin ya yi mini duhu. Da na farfaɗo ina jin yana ce wa Baffanku zafin shi ne aikin, ni da nake maƙeri ai na san ba a lallashin ƙarfe. Abin da ya ƙara rufe mana ido shi ne a ranar hannun ya lanƙwasa fiye da kullum, yatsana ya taɓa leɓe. Da la'asar Baffanku ya kai labari majalisa, ya haɗa da labarin likitan da ba a yaye ba.

Washegari gwiwar ta kumbura kamar tulu. Alhaji ya ce alamar jini ya fara gudu ke nan, ya sake dannawa. Muka yi ta komawa. Kowane zuwa motsin hannun yana raguwa, Alhaji kuma yana ƙara ƙarfin dannawa. Kumburin ya sauka ya bar wani dunƙule a gaban gwiwar, mai tauri kamar ƙwallon goruba. Wata safiya Innarku ta ajiye mini koko, na ɗauki ludayi, hannun ya taso kaɗan ya tsaya cak. Ba zafi ne ya tsayar da shi ba. Ji na yi kamar ƙofa ta bugi dutse. Na sake gwadawa, ludayin ya tsaya a wuri ɗaya. Ta daɗe tana kallona, sannan ta shiga ɗaki ta sako hijabi ta fita ba ta nemi izinin kowa ba, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka kawo ta gidan nan. Ta dawo da Kawunku da motarsa, ta tsaya a kaina ta ce:

"Malam, tashi. Yaya ya yi nasa, yau nawa za a yi."

Abin da na fara gani a ɗakin gashi shi ne benci. A da sai mutum ya yi sammako yake samun wurin zama, ranar kuwa wata tsohuwa ce kaɗai da jikarta. Usman ya gaishe ni kamar jiya muka rabu, bai tambaye ni ina na shiga ba. Da ya taɓa dunƙulen sai fuskarsa ta sauya. Ya raka ni da kansa aka ɗauki hoton, ya ɗaga shi a hasken taga ya nuna mini ƙashin sama da na ƙasa, sannan ya nuna wani farin abu kamar gajimare a tsakaninsu, a inda ya kamata a ce nama ne. Ya ce ƙashi ne ya tsiro a cikin tsoka, ya tokare gaɓar. Na ce ya sake faɗa. Ni ban taɓa jin ƙashi yana fitowa a inda Allah bai ajiye shi ba tun farko. Na zauna ina shafa wurin, ina jin sa a ƙarƙashin fata, abin da ba a haife ni da shi ba. Usman ya ce wannan ne abin da ya ji tsoro ranar da ya ce bai tabbata ba. A nan kuma na ji cewa da ya ga na daina zuwa, da ƙafarsa ya je maƙera nemana, Baffanku ya tare shi a bakin ƙofa ya ce mun gode, mun sami likitan da ya gama karatu.

Da Hajiya Mairo ta sake zuwa ta ce a zo mata da babban gidan. Baffanku ya zo da shirin faɗa. Ta ba shi kujera, ta nuna masa hoton, ta ce ba za ta rantse cewa da ba a danna ba ƙashin ba zai fito ba, domin da alama ya riga ya fara. Amma a lokacin ƙanƙane ne, da an bar shi ya huta akwai kyakkyawan zaton ya tsaya a haka. Kowace dannawa tana yaga naman, jiki kuma yana ɗinke yagar da ƙashi. Baffanku ya ce to in haka ne, me ya sa mai takarda kuma dattijo zai yi haka. Ta ce a da akwai masu yin haka da yawa, ita ma ta tarar ana yi, daga baya aka ga ɓarnar da yake yi aka bari. Wanda ya rufe ƙofarsa, ba ya zuwa inda ake sabunta ilimi, ba mai kallon aikinsa, ba ta inda labarin zai same shi. Sai Baffanku ya yi tambayar da ke cin sa tun farko, ya ce shi yaron nan yaushe za ta yaye shi.

"Malam Sale, an yaye shi tun kafin ka san shi. Ni ma da furfurata akwai wanda nake kai wa marasa lafiyar da suka gagare ni a Kano, ya zauna ya kalli hannuna, ya gyara mini. Ranar da na daina zuwa wurinsa, ka daina kawo mini ɗan'uwanka."

"Ke ma?"

"Ni ma."

Baffanku ya cire hula ya riƙe, ya dubi Usman, ya dubi bencin nan da ba kowa, ya mayar da hular a karkace. Har muka iso gida bai gyara ta ba.

Aka ce sai ƙashin ya gama nuna kafin a taɓa shi. Na jira har wata daminar ta zagayo, sannan aka yi mini aiki a Kano, aka cire abin da za a iya cirewa ba tare da an taɓa jijiya ba. Usman ya karɓe ni daga farko kamar ba a yi komai ba, Hajiya kuma tana duba mu in ta zo. Muka samo abin da muka samo. Hannun ya dawo maɓallin riga ya tsaya, nan yake har yau. Amma maganar majalisa ta riga ta shiga kasuwa da gidajen biki. Mutane suka kwashe tsofaffinsu masu shanyewar jiki, wasu zuwa wurin Alhaji, wasu zuwa ɗaka. Har masu babur in za su yi kwatance sai su ce ɗakin ɗan koyo. Baffanku ya koma majalisar ya ce shi ne bai fahimta ba, aka ce masa kunya ce ta sa shi. Daga ƙarshe Usman ya nemi canjin wurin aiki aka ba shi. Wanda ya maye gurbinsa da ya ji abin da ya faru sai ya roƙi Hajiya kada ta riƙa shiga ɗakin a gaban marasa lafiya. Ta ce aikin da ba ta gani ba ba za ta iya gyara shi ba. Zuwanta ya yi ta raguwa har na daina ganinta.

Baffanku bai taɓa ce mini in yafe masa ba, ni ma ban jira ba. Wata rana dai na tarar da cokali a kan tabarmata, mai doguwar mariƙa da ɗan lanƙwasa a wuya, an goge shi har yana sheƙi. Na san aikin hannunsa ko a cikin dubu. Shi ne cokalin da kuke tsokanata da shi kuna cewa na kwasar tuwon gidan biki ne. Da shi nake ci da dama. Mata kuwa, don su rufa wa babban gida asiri, in an tambaye su sai su ce a asibiti aka sami matsala, da haka maganar ta karkace har ta iso kunnenku. Da na bar maƙera na shiga ajin yaƙi da jahilci na bayan la'asar, sai na tarar lanƙwasar da ta rage mini ta ishi riƙe biro. Kafin in fara wannan babi na je na gaya wa Baffanku abin da zan rubuta. Yana zuga wuta, bai ɗago ba.

"Rubuta. Ka sa sunana, kada ka ce wani."

To na sa. Na rasa kai hannun dama bakina, na rasa wanke fuskata da shi a alwala. Na rasa masaba, uwar maƙerar da kakanku ya ba ni tana jingine a zaure, ba wanda ya gaje ta. Baffanku ya rasa abokin aiki, shi kaɗai yake ƙira da tsufansa. Tsofaffin da aka kwashe daga bencin nan ban san adadinsu ba, ban kuma san yadda suka ƙare ba. Garin nan ya rasa zuwan Hajiya Mairo, ya rasa Likita Usman. Shi kuma ya rasa sunansa a Daura, har a bakin 'ya'yana, saboda ya ce bai tabbata ba a gaban mutane.